A ba bas hanyarta tukuna kafin a ciyo bashin jirgin cikin gari a Kano

Assalamu alaikum Malam Edita. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ɗan ba ni fili a wannan jarida tamu in tofa albarkacin bakina kan maganar jirgin cikin gari da aka daɗe ana yi mana alkawari a Kano. Wasiƙar za ta ɗan yi tsawo, a yi haƙuri da ni, abin ne ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Tun 2016 gwamnatin Ganduje ta sanar da yarjejeniya da wani kamfanin China a kan jirgin da aka ce zai ci dala biliyan 1.85, a 2020 kuma aka yi ta hayaniya kan bashin Yuro miliyan 684 da za a ciyo don fara aikin, shekaru suka shuɗe ba mu ga dogo a titi ba, ga shi yanzu maganar ta sake tasowa tun da aka ji gwamnatin tarayya ta sa kuɗin jirgin Kano da na Kaduna a kasafin 2025. Kuma duk sanda ta taso sai ka ga mutane sun rabu gida biyu, wasu na cewa ai Kano ta wuce a ce ba ta da jirgi, wasu na cewa ɓarnar kuɗi ce, in ka duba da kyau kuma sai ka tarar jam'iyya ce ta raba su, wanda ya yabi abin jiya shi ke zaginsa yau. Ba kasafai na ji an zauna an tambayi abin da talakan da ke fitowa daga Rijiyar Lemo zuwa Kwari kullum yake buƙata ba.

Ni ɗan kasuwa ne, harkar sutura na kai ni Santambul ta ƙasar Turkiyya, kuma garin yana da duka biyun, ga jirgin lantarki mai bin titi wanda ake kira tiram, ga kuma bas mai hanyarta ta musamman. Na hau wannan na hau wancan, shi ya sa nake ganin ina da ɗan abin faɗa.

Bari in fara da tiram ɗin, don wallahi ina son shi, kada wani ya ɗauka ƙiyayya ce ta sa ni rubutu. Duk ɗan kasuwar mu da ya taɓa zuwa sari Laleli ya san layin nan da suke kira T1, wanda ya taso daga Bagcilar ya ratsa Aksaray da Laleli da Beyazit inda babbar rufaffiyar kasuwar nan take, ya gangara ta gaban masallacin Sultan Ahmad, ya bi ta Eminonu ya haye gadar Galata ya tsaya a Kabatash. Dogonsa a binne yake cikin titi daidai da kwalta, mutum zai tsallaka da ƙafa ba tare da ya yi tuntuɓe ba, wuta kuma daga wayar da ke sama yake ja. In ya tsaya ƙofofi da yawa ne ke buɗewa lokaci guda, kuma ƙasan jirgin daidai yake da daɓen tasha, na ga tsohuwa da sanda ta shiga ba wanda ya kama ta, na ga mai jan amalanken kaya ɗauke da dila biyu ya tura abinsa ciki kai tsaye, kafin ka ƙirga ashirin an sauka an hau an rufe ƙofa ya tashi. Ba hayaƙi, ba ƙarar inji, ba kwandasta mai rataye a ƙofa yana kiran layi. Direba ɗaya ne yake jan mutum ɗaruruwa, abin da zai ci direbobin bas huɗu ko biyar. Tayar ƙarfe a kan dogon ƙarfe ba ta cin ƙarfi kamar tayar roba a kan kwalta, don haka wutar da yake sha kaɗan ce in aka raba ta kan yawan fasinja. Tarago ɗaya in ana kula da shi sai ya yi shekara 30 yana aiki, ita kuwa bas in ta yi 12 an gode Allah. Sannan akwai wani amfani da mu 'yan kasuwa muka fi kowa ganewa, shi dogo in an shimfiɗa shi ba ya tashi, ba wani kwamishina da zai wayi gari ya ce an canja masa hanya, saboda haka mutum zai iya sakin jiki ya kama shago ko ya gina otal kusa da tasha yana da tabbacin masu wucewa ba za su yanke ba.

Su kansu Turkawan sai da suka yi nadamar rabuwa da shi. Sun cire tsohon tiram ɗin Santambul a ɓangaren garin da ke nahiyar Turai a 1961, a ɓangaren da ke Asiya a 1966, a lokacin ana ganin tsohon yayi ne yana tare wa motoci hanya, da cunkoso ya ishe su suka dawo da na zamani a 1992. Maroko ma ta yi nata, Rabat a 2011, Kasabalanka a ƙarshen 2012, Aljeriya ita ma haka. Don haka wanda ya ce tiram abu ne mai kyau bai yi ƙarya ba.

To amma a wannan garin dai na Santambul abin da ya fi kwasar mutane a saman titi bas ce. Suna kiranta Metrobus, an buɗe ta a 2007, yanzu tsawon hanyarta ya kai kilomita 52 daga Beylikduzu har ta tsallaka ruwa zuwa ɓangaren Asiya, kuma tana ɗaukar mutanen da suka doshi miliyan ɗaya a rana, dare da rana ba ta tsayawa. Abin da suka yi ba wani sihiri ba ne, tsakiyar babban titin da ya ratsa garin suka yanke layi biyu suka kange su, ba motar da ke shiga sai bas, tasha a tsakiya, ka hau gadar ƙafa ka sauko, ka ɗora katinka a ƙofar tasha kuɗi ya fita tun kafin motar ta zo, saboda haka ba tsayawa neman canji. Da safe bas na bin bas ne ko minti ɗaya ba a yi tsakani. Kana ciki a tsaye, a matse ƙwarai don ba zan ɓoye ba akwai matsi, amma kana kallon masu manyan motoci ta taga sun yi cirko-cirko a gosulo kai kuma kana wucewa fuu. Wuri ɗaya ne na ga tana rage gudu sosai, wato in ta zo hawa babbar gadar da ta haɗa Turai da Asiya, don a nan shingen ya ƙare, dole ta shiga cikin sauran motoci ta bi layi kamar kowa.

Wannan gadar ita ta ganar da ni inda maganar take. Saurin abin hawa a cikin gari daga hanyar da aka ware masa yake zuwa. In ka ba bas hanyarta ita kaɗai za ta yi gudun jirgi, in kuma ka jefa jirgi cikin cunkoso zai koma bayan bas, don ita bas ko ba komai tana iya kaucewa, shi kuwa ba ya iyawa. A Washinton babban birnin Amurka sun buɗe wani tiram a 2016 bayan an kashe kusan dala miliyan 200 a hanyar da ba ta kai kilomita 4 ba, suka bar shi yana haɗa layi da motoci, mutum ɗaya ya yi fakin ba daidai ba sai jirgi ya tsaya da fasinjansa har a zo a janye motar, kyauta ake hawa amma duk da haka bai yi kasuwa ba, a 2025 hukumar birnin ta ce za ta rufe shi. A Toronto ta Kanada kuwa akasin haka aka yi, tiram ɗin titin King ya daɗe yana jan ciki a cikin motoci, a 2017 suka hana ƙananan motoci bin titin su zarce, ba su sayi wani sabon abu mai tsada ba, nan da nan tafiya ta yi sauri fasinja suka ƙaru, har aka mayar da tsarin na dindindin a 2019. Nan kusa da mu a Ghana an kawo bas-bas masu kyau na Aayalolo a Accra a 2016 ba tare da an kange musu hanya yadda ya kamata ba, suka shiga gosulo ɗaya da ƙananan motocin haya, ba a je ko'ina ba harkar ta durƙushe.

Yanzu Malam Edita ka kawo wannan hoton gida. A ce an shimfiɗa dogo daga Bata zuwa 'Yankura, ko ta gaban Kwari da Singa da rana tsaka, inda tirela ke sauke kaya a kan titi, mai kurkura ya tsaya, mai baro ya ratsa, ɗan sahu ya yi kwana inda ya ga dama, masu talla sun cinye rabin kwalta. Wa zai hana su hawa dogon? In har muna da hukumar da za ta iya hana su, to wannan hukumar za ta iya kare layin bas ma, a kuɗin da bai kai rabin rabin na jirgi ba. In kuma ba mu da ita, to jirgin biliyoyin zai tsaya ne a bayan tirelar shinkafa yana ta hon.

Sai maganar wuta, wadda ita ce ta fi tsaya mini a rai. Ba mu manta watan Oktoban 2024 ba, lokacin da layukan da ke kawo wa Arewa wuta suka lalace aka yi fiye da mako guda Kano da maƙwabtanta na cikin duhu, masu ƙanƙara da masu niƙa da teloli suka tafka asara. Bas ko da dizal ko da gas ko ma da batir za ta fita a irin wannan ranar. Tiram kuwa inda wuta ta ɗauke nan zai tsaya, kuma duk na bayansa su ma sun tsaya. Legas da ta yi jirginta na lantarki sai da ta tanadar masa tashar wutarsa daban, wannan kuma wani kuɗin ne a kan kuɗi, ya kamata a faɗa mana tun yanzu ko yana cikin lissafi. Haka ruwan sama, duk wanda ya san yadda wasu titunanmu da ƙarƙashin gadoji ke cika a watan Agusta ya san sai an gyara magudanai kafin a kawo abin da ke tafiya da lantarki a kan ƙarfe.

Ga kuma gyara. Habasha ta buɗe jirgin Addis Ababa a 2015, layi biyu, dala miliyan 475, kaso 85 cikin ɗari bashi ne daga bankin China, duk Afirka aka yi ta yabo. Jirage 41 aka kawo. Kafin a cika shekara goma fiye da rabinsu sun kwanta saboda rashin kayan gyara, don komai nasa sai an yi odarsa daga waje da dala, fasinja su yi ta jira a tasha, bashi kuma yana nan ana biya ko jirgi ya fita ko bai fita ba. Habasha fa ƙasa ce mai madatsun ruwa da wutar da har sayar wa maƙwabta take yi. Sayen doki ai ba shi ne wahala ba, harawar kullum ita ce. Bas kuwa in ta lalace akwai bakanike a Kofar Ruwa da zai kwance injin ya ɗaure, akwai mai faci, akwai mai walda, akwai mai wayarin, kuma in ɗaya ta mutu a hanya sai a ja ta gefe saura su wuce.

Ba sai mun je Habasha ba ma, ga Abuja nan. Na san nata ba tiram ba ne, jirgi ne mai hanyarsa daban, amma darasin ɗaya ne. An kashe sama da dala miliyan 800, Buhari ya buɗe shi a watan Yulin 2018, aka rufe a 2020 lokacin korona, bai sake ɗaukar fasinja ba sai a watan Mayun 2024 da Tinubu ya sake buɗe shi aka ce a hau kyauta. Shekara huɗu yana ajiye. Kuma ina ya nufa? Filin jirgin sama da Idu da Kubwa, tashoshi da dama a bayan gari inda sai ka hau wani abin kafin ka kai gare su, alhali dubban ma'aikatan da ke shan azaba kullum ta Nyanya da Mararaba suke shigowa, can kuma ko dogo ɗaya babu. In aka ja layi a kan taswira aka yi kuskure da bas, wata ɗaya ya isa a gyara. In da dogo aka yi kuskuren, an yi ke nan.

Legas ta gwada duka biyun a gabanmu. Bas mai hanyarta daga Mile 12 zuwa CMS, kilomita 22, an fara ta a watan Maris na 2008 zamanin Fashola kuma aikin bai ci shekara biyu ba, daga baya aka miƙa ta har Ikorodu, aka ƙara ta Oshodi zuwa Abule Egba a 2020. Jirgin Blue Line kuwa an fara gininsa wajen 2010, bai ɗauki fasinja ba sai watan Satumban 2023, kuma kilomita 13 ne kacal daga Marina zuwa Mile 2. Yaron da aka sa a firamare ranar da aka fara aikin ya gama sakandare kafin ya hau. Legas ke nan da ta fi kowace jiha samun kuɗin shiga. Dakar ta Senegal ma da ta tashi gyara sufurin tsakiyar gari a 2024 bas ta kawo masu aiki da batir zalla, kilomita 18, tasha 23, tafiyar da ke cin awa ɗaya da rabi ta koma kamar minti 45. Wato ko maganar hayaƙi da tsafta da ake yi wa tiram kirari da ita, yanzu bas ma ta iya.

Na san abin da mai karatu zai ce, kuma yana da gaskiya: bas nawa gwamnatoci suka saya a ƙasar nan, ina suke? Kowace gwamnati ta zo sai ta jera sababbin motoci a fili an yi musu fenti an manna hoto, a yanka kirtani, bayan shekara biyu ka gan su a wani gareji ba taya ba gilashi, awaki na kwana a ƙarƙashi. A ƙarshen 2022 ma an kawo bas-bas a Kano har aka ce an hana 'yan adaidaita sahu bin wasu manyan tituna, ba a kwana biyu ba aka janye dokar saboda motocin ba su isa ba jama'a suka rasa abin hawa. Ko Darussalam ta Tanzaniya da aka yi ta yabon tsarinta da aka buɗe a 2016, daga baya motoci sun yi ta lalacewa ba a maye gurbinsu ba, ambaliya ta sha cinye garejinsu, layin fasinja ya yi ta tsawo. Saboda haka ni ban ce a je a sayo bas ba, sayen bas shi ne abu mafi sauƙi kuma shi ne inda ake cin kuɗi. Abin da ke kashe bas ɗin gwamnati a wurinmu sananne ne. Tana shiga gosulo ɗaya da kowa don haka ba ta fi ɗan sahu sauri ba, ba ta da lokaci sai ta cika take tashi, kuɗin mota a hannu ake karɓa rabi ya zube a hanya, ba a ware ko sisi na gyara ba, in gwamnati ta canja kuma sabuwa ta ce ba nata ba ne.

Ka tsaya a bakin titin Katsina wajen Kurna da ƙarfe bakwai na safe ka ga abin da nake nufi. Ma'aikata da 'yan makaranta da 'yan kasuwa sun yi dafifi a gefen kwalta, ɗan sahu ya rage gudu ya leƙo, mutum biyar su ruga, ya ce shi Bata kawai zai je kuma ga kuɗinsa, a tsaya ciniki, na baya na ta hon. Ga mata da goyo tana riƙe da hannun yara biyu masu yunifom, sahu uku sun wuce ta don ba wanda yake son ɗaukar mutum uku a kuɗin mutum biyu, in ta samu kuma a cusa su huɗu a baya ɗaya a gaba kusa da direba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin ya ninka ya sake ninkawa, akwai masu aikin da kusan rabin albashinsu a hanya yake ƙarewa, akwai waɗanda suka koma takawa. Wannan matar ba ruwanta da ko tayar ƙarfe ce ko ta roba, so take ta san in ta fito za ta samu abin hawa cikin minti biyar, a kuɗin da ta sani tun daga gida, ta isa kafin a rufe ƙofar makaranta. Kuma bana take so, ba nan da shekara goma sha uku ba.

Shawarata ita ce a ɗauki titi ɗaya tak a fara da shi, kada a ce za a yi huɗu lokaci guda. Ni da za a tambaye ni titin Katsina zan ce, daga Dawanau ta Rijiyar Lemo da Kurna zuwa cikin gari, ko kuma titin Zariya daga Na'ibawa ta Unguwa Uku da Gyaɗi-Gyaɗi, amma a bar masana su ƙirga mutane tukuna su ga inda aka fi yawa. A kange layi biyu na tsakiya da kankare na gaske wanda mota ba za ta iya haurawa ba, fenti kaɗai ba zai yi mana ba. A yi tasha mai rumfa saboda rana, mai daɓe daidai da ƙofar mota, a biya da kati kafin a shiga. Kamfanin da zai tafiyar da motocin a riƙa biyansa bisa kilomitar da ya yi a kan lokaci, ta haka direba ba shi da dalilin tsayawa jiran lodi ko tsere da ɗan'uwansa don fasinja. Kuɗin gyara da na sabunta motoci a rubuta shi cikin doka a majalisa yadda wata gwamnatin ba za ta zo ta yi watsi da shi ba. A ware ƙofa da kujerun mata, kamar yadda jirgin ƙarƙashin ƙasa na Alƙahira ya ware musu tarago, ai asalin adaidaita sahu ma a zamanin Malam Shekarau don mutuncin mata aka kawo shi.

Shingen nan kuma ya hau kan kowa. A 2012 Fashola da kansa ya tare wani kanar na soja da ya shiga layin bas a Legas, labarin ya zaga ƙasa. Ranar da aka bar ayarin wani babba mai jiniya ya bi layin bas a Kano, washegari mai jif zai bi, jibi ɗan sahu, shikenan an gama. 'Yan KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Kano, za su iya wannan aikin in an tsaya musu kuma an hana a riƙa kiran waya ana cewa a saki motar wane.

'Yan adaidaita sahu kuwa kada a yi kuskuren ɗaukarsu abokan gaba. Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a farkon 2013 su ne suka riƙe garin nan, kuma mun ga yadda Kano ta tsaya cak da suka yi yajin aiki a watan Janairun 2022, ɗalibai suka rasa jarabawa, kasuwa ta yi shiru. Yawancinsu matasa ne masu biyan balas kullum, da iyali a bayansu. Ba bas ba jirgi da zai shiga lungunan cikin Badala ko ƙuryar Bachirawa da Dorayi, wannan aikinsu ne har gobe, su kwaso mutane daga unguwa su kawo tasha, tafiya gajera, mai kaɗan, lodi da yawa. Kuma a ba ƙungiyoyinsu da na 'yan hayis hannun jari a kamfanin bas ɗin, a horar da wasunsu tuƙi da gyara. Legas da ƙungiyar direbobi ta fara tata, a Johannesburg ta Afirka ta Kudu ma masu ƙananan motocin haya ne suka zama masu kamfanin da ke tafiyar da bas ɗin Rea Vaya. Wanda yake da kaso a abu ba zai tare masa hanya ba.

Masu son jirgi kuma ina roƙonsu su kwantar da hankali, wannan tsarin bai rufe musu ƙofa ba. Hanyar da aka kange wa bas yau ita ce filin da za a shimfiɗa dogo gobe ba tare da an rushe gidan kowa ko an biya diyya sau biyu ba. Ottawa babban birnin Kanada haka ta yi, ta shekara fiye da talatin da hanyar bas, da mutane suka yi mata yawa ta mayar da tsakiyarta jirgi a 2019. Bogota ta Kolombiya da ta fara nata bas ɗin a 2000 tana kwasar mutum wajen miliyan biyu a rana, yanzu da abin ya fi ƙarfin bas tana gina jirgi. A lokacin an san adadin fasinja na gaskiya, an koyi karɓar kuɗi da kati, an koyi kare hanya, mai ba da bashi ma zai fi sakin jiki. In Allah ya kai mu ranar da bas ke bin bas kowane minti a titin Katsina kuma ba ta isa ba, ni ne zan fara rubuto maka wasiƙa in ce a kawo tiram.

Kafin nan ina roƙon wakilanmu a majalisar jiha da ta tarayya, duk wanda ya kawo musu takardar jirgi su tambaye shi a bainar jama'a nawa ne kuɗin kilomita ɗaya, mutum nawa aka ƙirga suna bin hanyar, daga ina wuta za ta zo, nawa talaka zai biya, wa zai biya gibin da ya rage duk shekara, da wane kuɗi za a biya bashin, naira ko dala, sannan gadojin sama da na ƙasa da aka gina a Ƙofar Nassarawa da Dangi da Hotoro da Ƙofar Ruwa ta ina dogon zai bi ya wuce su. Su kuma sa a lissafa musu kilomita nawa na hanyar bas wannan kuɗin zai yi, a ajiye takardun biyu gefe da gefe kowa ya gani.

Kai ma Malam Edita ina roƙonka ka tura wakilinka ya kwana biyu yana hawa jirgin Abuja ya ƙirga mutanen da ke ciki, ya je Legas ya hau bas daga Ikorodu da safe ya kuma hau Blue Line, ya ji ta bakin fasinja da direbobi, ku buga mana da Hausa yadda mutanen Kurna da Na'ibawa za su karanta kafin a sa hannu a kan komai.

Na gode da filin da ka ba ni, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
wani ɗan kasuwar Kantin Kwari, Kano.